Rainon kututture da gyaran murhu: jagora ga gidajen ƙasar Daura

Wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango ko zuwa Mai'aduwa a watan Afrilu da Mayu zai ga hayaƙi na tashi a gonaki nan da can. Lokacin sharar gona ne. Manomi ya sa gatari ya sare sabara da kalgo da duk tohon da ya fito tun bayan kaka, ya tara su da ragowar kara, ya cinna wuta, gona ta yi fes tana jiran ruwan shuka. A cikin gari kuwa, a wannan lokacin dai, maigida na lissafin kuɗin itacen da murhu ke ci kullum, balle idan akwai mai jego a gida, ga ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in. Itacen da ake nema da kuɗi a gari, ƙanensa ne aka ƙone a gona tun bai kai ko'ina ba.

Ƙasar Daura, da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, jigawa ce mai rairayi a bakin iyakar Nijar. Ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. A irin wannan wuri, babban abin da gida zai yi wa muhalli yana tsakanin gona da madafi: a ƙara itacen da ke tsaye a gona, a rage wanda ke shiga wuta. Duka biyun ba sa buƙatar jari, kuma mai yin su ne farkon cin amfaninsu.

An daɗe ana dashe a yankin nan. Akwai layukan darbejiya da aka yi don tare iska, akwai kuma shirin nan na kafa ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. Dashe na da amfaninsa. Sai dai duk wanda ya taɓa dasa ɗan itace a gonar da ke nesa da rijiya ya san wahalarsa: ban ruwa wata bakwai ko takwas na rani, ga awaki, ga gara. Kututturen sabarar da kake sarewa kowace bazara kuwa ya riga ya wuce wannan matakin. Saiwarsa ta yi shekaru a ƙasa, ta kai inda danshi yake, shi ya sa duk saran da ka yi masa yake sake tohowa ba tare da ka ba shi ko moɗa ɗaya ta ruwa ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kurmin da ke cike da gonaki tohon itatuwan da aka sare ne, ya fara koya wa manoma yadda za su raine su. Abin bai karɓu nan take ba. A lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka raina. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga bambanci, maƙwabta suka kwaikwaya. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta cewa gonakin da itace ya dawo musu a jihohin Maraɗi da Damagaram sun kai hekta miliyan 5, itatuwan kuma wajen miliyan 200. A can suna kiran wannan raino sassaben zamani. Gani ya kori ji: daga Kwangwalam ka tsallaka Ɗan Barto ka nufi Matamaye, ka dubi yawan gawon da ke tsaye a tsakiyar gonakin gero. Ƙasarsu irin tamu ce, ruwansu bai fi namu ba. A namu ɓangaren ma, wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, wanda Oxfam ta gudanar daga 2014, ya koyar da wannan dabara tare da ingantaccen murhu a ƙananan hukumomi bakwai: Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa, Mashi da Dutsi. Shirin ya ƙare, amma ilmin yana nan a hannun mutane, kuma zai yi wuya ka rasa wanda ya koya a gundumarku.

Zaɓen abin da za a raina

Kafin ka ɗaga gatari bana, zagaya gonar tukuna, ka ga abin da Allah Ya ajiye maka a cikinta. Mafi yawan abin da za ka tarar sabara ce da kalgo, sai gwandar daji, magarya, aduwa, wataƙila kaba. Idan ka yi sa'a za ka ga ɗan gawo ya fito, ko kututturen ƙirya ko na marke da aka sare tun zamanin iyaye.

Kada ka ce duka za ka raina. A shekarar farko zaɓi kututture 20 zuwa 40 a hekta ɗaya, wato tsakanin wannan da wancan kamar taku ashirin ko fiye. Idan da garmar shanu kake huɗa, zaɓi waɗanda suka yi kusan layi ɗaya don kada su tare wa shanu hanya, ka kuma fifita na kan iyakar gona. Sauran ka sare su yadda ka saba, amma kada ka tone saiwar, domin baɗi kana iya so ka ƙara.

Wane iri za ka fifita? Ya danganta da abin da gidanka ya fi buƙata. Sabara ba ta cika zama babbar bishiya ba, amma tana saurin ba da itacen girki, ganyenta na zuba ya rufe ƙasa, gindinta kuma na tare ƙurar hunturu, shi ya sa za ka ga ƙasar wurin ta ɗan yi tudu ta fi ta gefe duhu. Kalgo na ba da itace da igiyar ɗaure dami, dabbobi na cin 'ya'yansa. Aduwa da magarya na ba yara abin tsotsa, su ba uwargida abin kai wa kasuwa, itacen aduwa kuma shi ake sassaƙa allo da ƙota da shi. Ƙirya, idan ka same ta, ka riƙe ta hannu biyu, don masassaƙa turmi da maƙera masu neman gawayinta sun kusa ƙarar da ita.

Gawo kuwa a ganina babu na biyunsa a gonar hatsi. Da damina, lokacin da gero ke son rana, shi yake kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, ganyen ya ruɓe ya zama taki a gindinsa. Da rani, lokacin da komai ya bushe, ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba kashi. Saiwarsa na nitsawa can ƙasa, ba ta gasa da shuka wajen neman ruwa, kuma yana cikin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa sinadarin da ake sayen yuriya dominsa. Dubi geron da ke ƙarƙashin tsohon gawo ka gwada shi da na nesa, zangarniyar kaɗai ta ishe ka hujja. Mutanen Damagaram har yau suna ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya ɗora wa mai sare gawo a ƙarni na 19. Ɗan gawo yana da jinkirin tashi a shekarunsa na farko, don ƙarfinsa na tafiya wajen saiwa, sai an yi haƙuri da shi.

Darbejiya da turare kuwa, wurinsu bakin hanya da ƙofar gida da gefen gona. A tsakiyar gero suna shanye danshi.

Yadda ake gyaran

Durƙusa a gindin kututturen ka buɗe shi da hannu. Sabara ɗaya na iya fitar da toho ashirin ko talatin, sirara, kowanne na ƙwace abincin ɗan'uwansa. Zaɓi uku zuwa biyar waɗanda suka fi kauri, suka fi miƙewa, ba su da tabon tsutsa. Ka fifita waɗanda suka fito daga ƙasa-ƙasan kututturen a kan na samansa, don na sama iska na saurin ɓalle su. Sauran duka ka yanke su daga tushe.

Waɗanda ka bari, sai ka rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Kada ka wuce rabi. Na sha ganin inda aka aske ɗan itace aka bar masa 'yar tuntu a ka, ya yi tsawo ba kauri, iskar farkon damina ta karya shi, ko akuya ta miƙe ta lanƙwaso shi ta cinye kan. Ganyen da ka bari shi ke ciyar da shi.

Abin yanka ya zama mai kaifi, adda ko lauje ko ƙaramin gatari, ka wasa shi kafin ka fito. Sara kuma daga ƙasa zuwa sama ake yin sa. Idan ka saro reshe daga sama, nauyinsa zai ja ɓawon ya ɗaye har jikin itacen, wurin ya zama ƙofar gara da ruɓa. Daga ƙasa kuwa yankan na fita sumul, ya warke da wuri. Wannan ɗan bambancin shi ne rabin sana'ar.

Da ka gama, ɗaura wa kowanne tsumma mai launi. Alama ce ga mai neman itace da makiyayi da ɗan ƙwadago cewa wannan ba na banza ba ne, da mai shi. Idan wurin hanyar dabbobi ne, kewaye gindin da ƙayar magarya ko ta aduwa da ka sare.

Rassan da ka yanke, masu ɗan kauri ka ɗaure su a kai gida, itacen farko ke nan da gonar ta biya ka. Ganye da ƙirare kuwa ka baza su a gona, musamman inda iska ta kwashe ƙasa ta bar fako. Kada ka ƙone su. Gara za ta zo ta ci, ta huda fakon, ruwa ya sami hanyar shiga, rairayin da iska ke ɗauke da shi kuma ya maƙale a wurin. Haka ma karan gero: abin da ya rage bayan an ɗebi na danni da na dabbobi, a bar shi kwance. Tokar da wuta ke bari ba ta kai ko kusa da abin da wutar ta cinye ba, kuma iska ce ke kwashe ta kafin ruwa ya sauka. Idan fakon mai tauri ne sosai, ana haƙa masa ƙananan ramuka da rani, faɗin taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfi bai kai haka ba, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu, a shuka a ciki idan ruwa ya sauka. Tassa ake ce masa a Nijar. A rairayi mai laushi ba ya aiki, don ramin cikewa yake yi.

Gyara ba na rana ɗaya ba ne. Bayan wata biyu ko uku sabon toho zai fito a gindin, sai ka cire shi, kuma lokacin noman farko da maimai ya dace da wannan, tunda kana cikin gonar. Bayan girbi ka sake dubawa. Daga shekara ta biyu ko ta uku kana iya sare ɗaya daga cikin sandunan kowace shekara, ka bar sabon toho ɗaya ya maye gurbinsa, mafi kyawu a cikinsu kuma ka ƙyale shi ya zama bishiya. Da haka kututture ɗaya zai riƙa ba ka itace duk shekara ba tare da ya mutu ba.

Manoma kan kawo ƙorafi biyu, kuma duka suna da hujja: inuwa da tsuntsaye. Maganin inuwa shi ne a rage rassan ƙasa gab da shuka, a bar kan itacen ya yi sama, rana ta riƙa shiga ta gefe safe da yamma. Tsuntsu kuwa yana sauka a gonar da babu itace ma. Idan ka ga wata bishiya ta zama matattararsu, ka rage mata rassa lokacin da gero ya fara ido.

Tsare abin da aka raina

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma mutum ɗaya ba ya iya shi. Ka raini itace shekara biyu, wani ya zo da dare ya sare, gwiwarka ta yi sanyi. Gona ɗaya mai itace a tsakiyar gonaki hamsin marasa shi, ita kowa zai nufa. Saboda haka ka nemi maƙwabtan gonarka ku fara tare, ku kai maganar gaban mai unguwa ko dagaci, a sanar a masallaci ranar Juma'a cewa itacen da aka ɗaura wa tsumma ba a taɓa shi sai da izinin mai gona. A kira arɗo a zaman tun farko. Makiyayi na buƙatar ganyen gawo a ƙarshen rani, kuma shanunsa na bar wa gona taki, don haka yarjejeniya ta fi hani: ya kakkaɓo 'ya'ya, ya rage ƙananan rassa, amma kada ya guntule kan bishiya. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi, kwamitin da ke tsaron itatuwa ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, kuma wannan haɗin ne ya sa dokarsu ta zauna. Yana da kyau kuma ku sanar da malamin daji na ƙaramar hukuma, don ya san itatuwan nan rainonku ne ranar da za ku sare na sarewa. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, ya yi magana da mai ita tun kafin ya fara, a san na wane ne itacen.

Murhu

Uwargida, saura naki. Murhun duwatsu uku a fili, mafi yawan zafinsa iska ce ke tafiya da shi, kaɗan ne ke taɓa gindin tukunya. Gyaransa da ƙasa ake yi, kuma mace ɗaya na iya gina shi da hantsi. Samo yumɓu ko ƙasar suri, ki haɗa da ƙaiƙayi da busasshen kashin jaki ko na shanu, ki kwaɓa sosai, ki rufe ki bar ta ta kwana uku zuwa mako don ta yi danƙo. Kowane murhu da tukunyarsa ake gina shi: ta tuwo daban, ta miya daban. Kafa ƙananan duwatsu uku, ki ɗora tukunyar, ya zama tsakanin gindinta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba. Idan ya yi zurfi harshen wuta ba zai kai ba, idan ya matse wutar za ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Sai ki gina bango ki kewaye, kaurinsa kamar faɗin tafin hannu, har ya kai kusa da wuyan tukunyar. Jiƙa jikin tukunyar ki riƙa juya ta a hankali har a sami rata kamar kaurin yatsa tsakaninta da bangon, don ta nan zafi zai bi ya lashi cikinta kafin ya fita. Washegari, da ƙasar ta ɗan sha iska, ki sa wuƙa ki yanke ƙofar itace ta ɓangaren da iska ta fi shigowa, daidai shigar itace biyu ko uku. Ki bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda kafin ki hura wuta. Zai tsage, kada ki damu, ki liƙe da ragowar ƙasar. Da damina a rufe shi da tsohon kwano ko a gina shi a ƙarƙashin rumfa. Mutanen Nijar na kiran irin wannan Albarka, na ƙarfen kuma da maƙera ke yi Mai Sauƙi.

Ki gwada da kanki: ƙirga kwanakin da dami ɗaya ke yi miki a tsohon murhu, ki ƙirga a sabon. Sauran dabarun kin san su, tuni kawai nake yi. A faskara itace sirara, a bar shi ya bushe sarai, don ɗanye wani kaso na wutarsa na ƙarewa wajen ƙone ruwan jikinsa. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. A gama yanka da daka kafin a hura wuta. Da tukunya ta tafasa a zare itace ɗaya. Idan an sauke, a turbuɗe bakin wutar a rairayi, gobe ya sake amfani. Ruwan wankan jego ma a dafa shi a irin wannan murhun, da murfi a kan tukunyar.

Ba kuɗi kaɗai ake tsimi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Kada a yi girki a rufaffen ɗaki, kada kuma a hura wuta da leda ko tsohon silifa, musamman da goyo a baya. Gawayi ba ya hayaƙi sosai, amma mai sayensa ya sani cewa kafin a sami kilo ɗaya a irin ƙunar da ake yi a daji, sai an ƙone itace kilo biyar zuwa goma, kuma manyan itatuwa masu tauri ake kayarwa. Wanda Allah Ya hore wa gas, ya yi amfani da shi.

Abin da ke komawa gona

Tokar murhu, sharar tsakar gida, kashin awaki da na kaji, ɓawon gyaɗa, duk na gona ne. A haƙa rami a gefen turke a riƙa zubawa, ana yayyafa ruwan wanke-wanke marar yawan sabulu don ya ruɓe kafin bazara. Abu ɗaya za a kiyaye: leda. Dubi gonakin da ke kewaye da garin Daura inda aka zuba takin bola, za ka ga baƙar leda da ta fiya wata sun maƙale a kowane kututture. Ba ta ruɓewa, tana hana ruwa ratsa ƙasa, kuma mahauta sun san dunƙulen da suke cirowa daga tumbin tumaki da shanu. Raba ta tun daga gida ya fi tsince ta a gona sauƙi: buhu ɗaya a rataye a bayan madafi, leda da batir da fasasshiyar kwalba su shiga nan, kada su haɗu da ramin taki. Mai zuwa cefane ya tafi da jakarsa, mai aiken yaro sayen ƙosai ko fura ya ba shi kwano.

Idan an kai takin awaki gona, a sa ido a makonnin farko na damina. Ƙwayar gawo mai tauri ce, amma wadda ta bi ta cikin dabba tana saurin tsirowa, don haka inda aka zube mangalar taki nan ake yawan ganin 'yan gawo masu ƙananan ganye da farar ƙaya. A noman farko fartanya ke kashe mafi yawansu. Ka kafa wa kowanne kara biyu a gefensa, kuma kafin 'yan ƙwadago ko yaran gida su shiga kunya, ka kai su gindin guda ɗaya ka nuna musu kamanninsa.